Mene ne asalin kalmar “bellwether”, kuma me ya haɗa ta da tumaki?

Abu Hafsat ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da sauran ’yan’uwa na wannan zaure. Tambayata a kan wata kalma ce ta Turanci, wato “bellwether”, wadda take yawan fitowa a labaran zaɓen Amurka da na Birtaniya, haka kuma a labaran kasuwar hannayen jari. Sana’ata ita ce fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, kuma duk sa’ad da zaɓe ya gabato sai in tarar an kira jihar Ohio ko wata gunduma da wannan suna, ko kuma in ga an laƙaba wa wani babban kamfani shi a labarin tattalin arziki. Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ba ta ma’ana biyu a taƙaice, ta farko ragon da ake rataya wa ƙararrawa ya shige gaban garke, ta biyu kuma abin da ke nuna inda al’amura suka dosa, amma bai faɗi yadda aka taso daga ta farkon aka iso ta biyun ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne na sha ganin ana rubuta ta “bellweather”, har wani abokin aikina ya tabbatar mini cewa sashenta na ƙarshe kalmar nan ce ta yanayi, kuma asalin ma’anarta ƙararrawar da ake kaɗawa don gargaɗin hadari. Bayaninsa ya dace da yadda ’yan jarida suke amfani da ita a yau, sai dai ya saɓa wa abin da ƙamus ya ce game da rago. Ina roƙon masu ilmi su warware mini wannan, sannan su ba ni shawara a kan fassara, domin idan rago ne mai jan garke to “jagora” ya kamata in ce, alhali zuciyata ba ta natsu da cewa jihar Ohio tana yi wa Amurka jagoranci ba. Allah ya saka da alheri.

Malam Garba Mai Ƙamus ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Abu Hafsat. Bayanin abokin aikinka yana da daɗin ji, amma ba shi da tushe, domin kalmar ba ta da dangantaka da yanayi, kuma rubutunta na daidai ba shi da harafin “a” a sashen ƙarshe. Kalmomi biyu aka haɗa, “bell” wadda ke nufin ƙararrawa, da “wether” wadda ke nufin ragon da aka dandaƙe. Ta biyun ce take rikita mutane, saboda ta kusa ɓacewa daga bakin mazauna birni, sai makiyaya da manoma na Ingila da Ostareliya da New Zealand ne suke riƙe da ita a maganarsu ta yau da kullum. Wanda bai taɓa jin ta ba kuwa, kunnensa zai kai shi ga kalmar da ya sani, tunda furucinsu ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Kalmar “wether” tsohuwa ce ƙwarai. Tana nan a tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi kafin mutanen Normandi su ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma a lokacin tana iya nufin rago kowane iri, sai daga baya ma’anarta ta ƙuntata ta tsaya a kan dandaƙaƙƙe kaɗai. ’Yar’uwarta a Jamusanci ita ce “Widder”, wadda har gobe take nufin rago mai barbara, kuma da ita Jamusawa suke kiran burujin nan da Larabawa suke kira Hamal. A harshen Gotawa kuwa, wanda ya mutu tuntuni amma ya bar rubuce-rubucen addinin Kirista, “withrus” ɗan rago ne ƙarami. Ka ga ke nan kalma ɗaya ce, amma a nan ɗan rago, a can babban rago, a wani wurin kuma dandaƙaƙƙe. Masana tarihin harsuna sun gano dalilin wannan saɓani, wato tushen kalmar ba sunan dabba ba ne tun farko, sunan shekara ne. Saiwar ita ce “wet”, a harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya, kuma daga gare ta Girkanci ya sami “etos” mai nufin shekara, Latin ya sami “vetus” mai nufin tsoho, wato mai shekaru, da “vitulus” mai nufin ɗan maraƙi, harshen Sanskirit na tsohuwar Indiya ma ya sami “vatsa” da ma’anar ɗan maraƙi. Saboda haka asalin “wether” shi ne ɗan shekara, dabbar da ta cika shekara ɗaya da haihuwa, kuma kowace al’umma ta ɗora sunan a kan dabbar da ta fi kusa da rayuwarta. Ta wannan hanya kalmar ta zama dangin “veal”, naman ɗan maraƙi, da “veteran”, tsohon soja, waɗanda suka shigo Turanci daga Latin, ko da yake mai kallonsu a yau ba zai taɓa zaton jini ɗaya ne ba.

Ita kuwa kalmar yanayi gidanta daban. A tsohon Turanci “weder” ake rubuta ta, da harafin “d”, kuma ’yar’uwarta a Jamusanci ita ce “Wetter”. A wajajen ƙarni na 15 ne furucin wasu kalmomi ya sauya, “d” ɗin da ke tsakiyarsu ya koma “th”, kuma sauyin da ya same ta shi ne ya sami kalmomin uba da uwa, waɗanda da “d” ake faɗarsu a da. Daga wannan lokaci ne ragon da yanayin suka yi karo a kunne. Cakuɗuwar ma ta taɓa tafiya ta ɗaya ɓangaren, domin wani ƙamus na Turanci da Latin da aka tsara a yankin Norfolk wajen shekarar 1440 ya kawo kalmar da kake tambaya a kai, ya rubuta ta da “d”, ya kuma bayyana a fili cewa sunan dabba ce daga jinsin tumaki. Wannan shaida kaɗai ta isa ta rushe batun ƙararrawar hadari.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne, lokacin da aka fara ɗora ta a kan mutum ba yabo ba ce. Wanda aka kira da ita shi ne mai yawan surutu wanda jahilai suke bi ido rufe, ko shugaban ’yan tayar da zaune tsaye, kuma zagin yana da kaifi biyu, domin yana cewa mabiyan tumaki ne, shugaban kuma ba cikakken rago ba ne. Shakespeare ya yi amfani da ita a matsayin zagi wajen shekarar 1600, inda a cikin wani wasan kwaikwayonsa ya sa wani mutum mai suna Falstaff ya kira wani miji mai kishi da ita. Maƙwabtan Ingila ma suna da irin wannan. Mutanen Holan suna da “belhamel”, wadda gininta daidai yake da na Turanci, ƙararrawa da dandaƙaƙƙen rago, kuma a yau suna faɗarta ga yaro mai ƙiriniya wanda yake jan sauran yara zuwa ɓarna. Jamusawa suna da “Leithammel”, ragon da ke ja gaba, ita ma da ɗanɗanon reni. A Turanci ne kalmar ta wanke kanta daga zagi, musamman a Amurka cikin ƙarni na 20, ta tashi daga wanda ake bi ta koma abin da ake dubawa don a gane alƙiblar jama’a. Rashin natsuwar zuciyarka da “jagora” yana kan hanya.

Dakta Ummi ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malam Garba, Allah ya ƙara basira. Ni fannina lafiyar dabbobi ne, kuma ina ganin halin tumakin da kansu yana amsa ɓangaren tambayar da ya shafi sauyawar ma’ana.

Da farko ya kamata a san dalilin da ya sa Ingila ta cika da dandaƙaƙƙun raguna har suka sami suna na kansu da ya shiga karin magana. A ƙarni na 13 da na 14 ulu shi ne babban abin da ƙasar take fitarwa waje, ana kai shi garuruwan masaƙa na yankin Filandas irin su Bruges da Ghent, da kuma Florence a Italiya. A farkon ƙarni na 14 ana fitar da buhu sama da 30,000 a shekara, kowane buhu kuma nauyinsa ya kai kusan kilo 165. Gidajen ruhubanawa na arewacin ƙasar, irin su Fountains da Rievaulx a Yorkshire, suna da garkuna na dubban tumaki, kuma har yau shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya a kan wani ƙaton matashin zama da aka cika da ulu yake zama, al’adar da ake dangantawa da zamanin Sarki Edward na Uku. To, wanda yake kiwo don gashi ba don nama ko haihuwa ba, dandaƙaƙƙen rago ya fi masa riba, saboda ba ya ɗaukar ciki, ba ya shayarwa, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen faɗa da neman tumaki, abincin da ya ci yana tafiya ne ga jiki da gashi, kuma ana iya barinsa shekaru ana aske shi duk shekara. Littattafan lissafi na manyan gonaki na wancan zamani sukan ƙidaya su daban da tumaki mata da kuma ’ya’yansu.

Daga cikin waɗannan ne makiyayi yake zaɓar guda ya rataya masa ƙararrawa. Ba ya zaɓar rago mai barbara, domin idan lokacin barbara ya zo hankalinsa ba ya tare da hanya, yana tunkuyi, yana iya barin garke ya bi ƙanshin wasu tumakin, ga shi kuma ba a barinsa cikin mata duk shekara idan ana son a tsara lokacin haihuwa. Dandaƙaƙƙe kuwa yana da sanyin hali, ya saba da mutum, yana daɗewa a garke har ya haddace hanyar makiyaya da ta mashaya.

Sai dai ga abin da nake so Malam Abu Hafsat ya lura da shi. Idan aka bar tumaki da halinsu, galibi tsofaffin mata ne suke fara motsawa sauran su bi, kuma ɗabi’ar tunkiya ita ce ta matsa kusa da ’yar’uwarta duk inda ta nufa. Saboda haka ba ƙarar ƙararrawa ce take tara su ba, a tare suke tun asali. Babban amfanin ƙararrawar ga makiyayi ne. A tsaunukan Ingila da Wales da Sikotilan, inda hazo yake sauka ya rufe ido, garke kuma ya bazu a bayan tudu, makiyayin ba ya ganin dabbobinsa, amma idan ya ji ƙarar ya san inda suke, ya san ko suna tafiya ko suna kwance, idan ƙarar ta yi sauri ya san wani abu ya firgita su. Dabba ɗaya yake saurare, amma labarin garke duka yake samu, saboda ya tabbata ba ta rabuwa da sauran. A ganina ma’anar da ’yan jarida suke amfani da ita yau daga nan ta fito. Tsohuwar ma’ana ta zagi ta dubi abin daga wajen tumakin da ke bi, sabuwar kuma ta dube shi daga wajen mai saurare.

Tumakinmu na nan, Uda da Balami da ’Yankasa, ba na ulu ba ne, gashinsu gajere ne ba a aske shi don saƙa, kuma darajar rago a kasuwa tana ga girmansa da ƙahonsa da cikar halittarsa. Shi ya sa dandaƙa ta fi yawa a awaki, har muke da kalma guda, taure, ga bunsurun da aka dandaƙe. Wanda yake son ya ji nauyin “wether” a kunnen Bature makiyayi, ya auna ta da yadda taure yake a namu kunnen.

Tsohon Ɗanjarida ya amsa:

Malam Abu Hafsat, ɗana, na yi shekaru a kan irin teburin da kake zaune, kuma shawarata ita ce kada ka kusanci “jagora” a labarin zaɓe, domin za ka faɗa wa mai sauraro abin da ba haka yake ba. Jihar da ake kira da wannan suna ba ta jan kowa. Rana ɗaya take zaɓe da sauran jihohi, kuma babu wani mai jefa ƙuri’a a Texas da yake jiran ya ji abin da mutanen Ohio suka yi. Abin da ake nufi shi ne jihar ta ƙunshi irin cakuɗar jama’ar da ƙasar take da ita, birni da ƙauye, ma’aikatan masana’antu da manoma, baƙi da fari, ta yadda duk iskar da ta kaɗa ƙasar sai ta kaɗa ta daidai gwargwado.

Tarihin ya cancanci a san shi, domin yana nuna iyakar kalmar. Jihar Missouri ta zaɓi wanda ya ci shugabancin ƙasa a kowane zaɓe daga 1904 zuwa 2004, in ban da na 1956. A 2008 ta zaɓi John McCain da ratar da ba ta kai ƙuri’a 4,000 ba, Barack Obama kuma ya ci ƙasa, daga nan ba ta sake komawa matsayinta ba. Ohio ta dace da wanda ya yi nasara a kowane zaɓe daga 1964 zuwa 2016, sannan a 2020 ta ba Donald Trump da ratar kusan kashi 8 cikin 100, Joe Biden kuma ya hau mulki. A matakin gunduma abin ya fi ban mamaki, domin gundumomi 19 ne suka dace da mai nasara a jere daga 1980 zuwa 2016, amma a 2020 guda ɗaya ce kawai ta tsira, wato Clallam a jihar Washington, ita ma a 2024 ta zaɓi Kamala Harris ta faɗi. A Birtaniya mazaɓar Dartford da ke yankin Kent tana bin jam’iyyar da ta kafa gwamnati tun 1964, kuma ta sake yin haka a 2024 da ta zaɓi jam’iyyar Leba. A Ostareliya mazaɓar Eden-Monaro ta riƙe irin wannan suna daga 1972 har zuwa 2016, lokacin da ta saɓa.

Dalilin faɗuwar waɗannan wurare shi ne abin da Dakta Ummi ta bayyana, wato amfanin mai ƙararrawa yana nan ne muddin yana tsakiyar garke. Da masana’antun Ohio suka ja baya, ra’ayin ma’aikata fararen fata marasa digiri ya karkata gefe guda, sai jihar ta daina kama da ƙasar, aka ci gaba da sauraronta alhali jama’a sun yi wani wajen. Wannan ya taɓa faruwa tun da daɗewa. A da, jihar Maine takan yi zaɓen gwamna da ’yan majalisa a watan Satumba, kafin sauran ƙasa ta yi a Nuwamba, har ya zama karin magana cewa inda Maine ta nufa nan ƙasa za ta nufa. A 1936 jam’iyyar Rifablikan ta yi nasara a can a Satumba, amma da Nuwamba ya zo Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48, abokin takararsa Alf Landon bai sami komai ba sai Maine da Vermont.

Akwai kuma kuskuren da nake yawan ji a gidajen rediyo, wato haɗa wannan kalma da jihohin da ba su da tabbas, waɗanda ’yan takara suke kashe kuɗi da lokaci a kansu. Abu biyu ne daban. Jihar da ba ta da tabbas ita ce wadda kowace jam’iyya za ta iya ci, kuma ƙuri’unta suna iya raba gardama. Wadda muke magana a kai kuwa ba lallai ne ta raba gardama ba, tarihinta na dacewa da sakamako ne ya ba ta sunan. Ni “manuniya” nake cewa, kamar “jihar da ake ɗauka manuniyar sakamakon zaɓe”, kuma kalmar “ake ɗauka” tana da muhimmanci, saboda ita ce take kare ka ranar da manuniyar ta yi ƙarya.

Ustaz Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga malamai, tare da girmamawa ga Baba Tsohon Ɗanjarida da Dakta Ummi. Na amfana da bayananku, amma ina da ja a wuri guda, domin ina ganin an rage wa ragon matsayinsa fiye da kima. Akwai wuraren da mai ƙararrawa jagora ne na haƙiƙa, kuma da gangan ake horar da shi don haka. Makiyayan Larabawa na Siriya da Jodan da Iraƙi suna da abin da suke kira “mirya’”, ɗan rago ne da ake raba shi da uwarsa tun yana jariri, a shayar da shi da hannu a kusa da jakin makiyayi har ya shaƙu da jakin, sannan a dandaƙe shi, a bar gashinsa da ƙahonsa su yi girma, a rataya masa ƙararrawa. Idan makiyayi ya hau jaki ya kama hanya, ragon yana bin jakin, garke kuma yana bin ragon. A Sifen ma, inda ƙungiyar makiyaya ta Mesta ta sami amincewar Sarki Alfonso na Goma a 1273, garkunan da ke doguwar tafiya tsakanin makiyayar rani da ta hunturu suna da irin waɗannan horarru a gaba, ana kiransu “mansos”, wato masu sanyin hali. Ka ga a nan ba labari kawai ƙararrawa take bayarwa ba, hanya take nunawa, ko da yake mai zaɓen hanyar shi ne mutumin da ke kan jaki. Larabawan ma suna jifar shugaban da ake juyawa daga bayan fage da wannan suna, daidai da tsohon zagin Turawa da Malam Garba ya ambata.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, a labarin kasuwa ma’anonin biyu sukan haɗu. Idan an kira kamfanin jigilar kaya na FedEx da wannan suna, manuniya ake nufi, saboda yawan kayan da yake ɗauka yana nuna ko ciniki yana tafiya, haka ma farashin jan ƙarfe, wanda gini da wayoyin lantarki suke buƙata. Amma idan babban kamfani ya fitar da rahoton ribarsa kafin sauran, kamar yadda a da kamfanin alminiyam na Alcoa ya daɗe yana buɗe kakar rahotanni a Amurka, masu zuba jari sukan sayi ko su sayar da hannayen jarin sauran kamfanoni saboda abin da suka gani. A nan ya nuna, kuma ya ja. Mai fassara ya duba jimlar da ke gabansa kafin ya yanke.

Bayanin Malam Garba na ɗan shekara yana da takwara a Larabci. Kalmar “hauli” daga “haul” take, wato shekara, asalinta dabbar da ta cika shekara, amma a bakin mutanen Maroko ta zama sunan rago kai tsaye, da ita suke kiran ragon layya. Game da ƙarancin dandaƙar raguna a ƙasarmu kuma, fiƙihun da muke bi yana tafiya tare da abin da Dakta ta faɗa, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa a layya ragon da ba a dandaƙe ba ya fi dandaƙaƙƙe falala, dandaƙaƙƙen kuma ya fi tunkiya. Mai kiwon da idonsa yake kan kasuwar babbar salla ba zai dandaƙe ragonsa ba.

Abu Hafsat ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya bar zumunci. Batun yanayi ya fita daga raina gaba ɗaya. Saura wuri ɗaya, domin na kuma ci karo da kalmar a labarin kotu, inda aka haɗa ta da shari’a a ƙarar da dubban mutane suka shigar a kan wani kamfanin magunguna. Shin “manuniya” za ta yi aiki a nan, ko akwai abin da ya fi ta dacewa?

Malam Garba Mai Ƙamus ya sake amsawa:

A nan Hausa tana da abin da ya fi “manuniya” zama daidai. A Amurka, idan ƙararraki masu yawa iri ɗaya suka taru a kan kamfani guda, akwai dokar tarayya ta 1968 da ta ba da damar a tattara su gaban alƙali ɗaya. Tunda ba zai yiwu a saurari dubbai ɗaya bayan ɗaya ba, sai a zaɓi kaɗan da ake ganin suna wakiltar sauran a yi musu cikakkiyar shari’a, ɓangarorin biyu su ga yadda hujjojinsu suke tasiri da kuma yawan diyyar da ake yankewa. Hukuncin waɗannan ba ya ɗaure sauran masu ƙara, amma a kansa ake gina cinikin sulhu. Haka aka yi a shari’ar maganin ciwon gaɓoɓi na Vioxx, wanda kamfanin Merck ya janye daga kasuwa a 2004, bayan jerin shari’o’in da kowane ɓangare ya ci wasu ya faɗi wasu, sai kamfanin ya amince a 2007 ya biya dala biliyan 4.85 don sasanta yawancin ƙararrakin. Irin wannan shari’a ita ce zakaran gwajin dafi a ma’anarsa ta asali, wanda ake fara gwada abu a kansa don a ga ƙarfinsa. Sai dai ka kula, domin a bakin mutane da yawa yanzu wannan karin magana ya koma nufin gwarzon da ya yi fice, saboda haka ya fi aminci ka rubuta “shari’ar gwaji, wadda sakamakonta zai nuna yadda sauran ƙararrakin za su kaya”.

Na karɓi gyaran Ustaz game da kasuwa, kuma a irin jimlar da ya kwatanta zan ce “kamfanin da sauran suke bin sawunsa”. Idan kuwa ka gamu da kalmar a tsohon rubutu an ɗora ta a kan mutum, to “kanwa uwar gami” ko “shugaban ’yan tayar da fitina” za su fi kusa da nufin marubucin. Wajen furtawa a rediyo, nauyin murya yana kan gaɓar farko, kuma “th” ɗin mai taushi ne irin na kalmar uwa a Turanci, kusa da harafin zalun na Larabci.